Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya: yana riƙe amana, amma ba ya tsere wa tsadar rayuwa

Tun watan Satumban 2017 da Hukumar Kula da Basussuka ta Ƙasa, DMO, ta fara fitar da Sukuk, wato takardar jari bisa tsarin Musulunci, ake tallata shi ga ƙananan masu ajiya, musamman a Arewa, a matsayin hanyar zuba kuɗi a hannun gwamnati ba tare da cin kuɗin ruwa ba. A lokacin alkawari ne kawai a takarda. Yanzu kuwa na farkon ya cika wa'adinsa na shekara 7 a Satumban 2024, an mayar wa mutane uwar kuɗinsu, don haka akwai abin da za a ɗora a sikeli. Hukuncinmu shi ne Sukuk ya cika duk abin da ya ce zai yi, sai dai abin da ya ce zai yi bai kai abin da mutane da yawa suka zata ba.

Mu fara da abin da ake saya. Gwamnati ta kafa kamfani na musamman, FGN Roads Sukuk Company 1 Plc, wanda aikinsa ke nan. Shi ne yake karɓar kuɗin masu saye, a yi aikin wasu sassan hanyoyi da kuɗin, sannan a ba Gwamnatin Tarayya hayarsu. Wannan ita ce ijara. Gwamnati tana biyan haya duk wata 6, idan wa'adi ya cika kuma ta saye kadarar a kan kuɗin da aka zuba tun farko. Kowane kaso ɗaya naira 1,000 ne, mafi ƙarancin abin da za a saya naira 10,000, daga nan a riƙa ƙarawa dubu-dubu. Kuɗin fitarwar farko, naira biliyan 100, an raba su daidai tsakanin shiyyoyin ƙasa 6, a kan ayyukan hanya 25, ciki har da tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ta Abuja zuwa Lokoja, da gadar Loko zuwa Oweto. Matafiya sun sha ganin allunan Sukuk a bakin irin waɗannan hanyoyi. Ba kasafai ɗan Najeriya yake ganin inda bashin gwamnati ya shiga da idonsa ba, wannan kam abin yabo ne.

Ta fuskar Shari'a, majalisar ƙwararru masu ba Babban Bankin Najeriya shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci, FRACE, ita ce take tantance kowace fitarwa. Akwai masu ƙorafin cewa tunda an yanke adadin haya tun farko, an kuma yi alkawarin mayar da uwar kuɗi cif, to me ya raba shi da bashi mai ruwa? Ba sabuwar muhawara ba ce. A 2007 Mufti Taqi Usmani ya soki mafi yawan Sukuk ɗin da ake fitarwa a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kuma a 2008 hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta fitar da matsaya: a Sukuk na musharaka ko mudaraba, wato na haɗin gwiwar jari da raba riba, bai halatta manajan kuɗin ya yi alkawarin saye a kan ainihin farashi ba, amma a na ijara ya halatta ga mai haya. Na Najeriya na ijara ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai takardar bayanin Sukuk ɗin wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ba wanda zai yi fatawa daga jin suna ba.

Ga mai lissafin kuɗi kuma, abin lura ɗaya ne: hanyar ba ta kawo maka ko sisi da kanta. Ba ka da ikon kafa shingen karɓar kuɗi a hanyar Maiduguri, ba ka da ikon sayar da ita. Daga baitulmalin gwamnati ake biyan hayar. Saboda haka amincin kuɗinka yana rataye ne a kan iya biyan bashin Gwamnatin Tarayya, ba a kan kwaltar ba.

Hayar kanta tana bin yanayin kasuwa a lokacin da aka fitar, kuma idan an yanke ta ba ta motsi har ƙarshen wa'adi. Na 2017 ya zo da kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Na Disamban 2018 kashi 15.743. Na Yunin 2020, lokacin korona, ya faɗo zuwa kashi 11.2. Daga 2021 aka tsawaita wa'adi zuwa shekara 10: na wannan shekarar kusa da kashi 13, na 2022 kashi 15.64, na 2023 kashi 15.75. Jimillar waɗannan fitarwa 6 ta haura naira tiriliyan 1.09. Sai a Mayun 2025 aka dawo da wa'adin shekara 7, aka nemi naira biliyan 300 a kan kashi 19.75, masu saye suka kawo buƙatar sama da naira tiriliyan 2.

To me wanda ya shiga a 2017 ya samu? A ɗauka ya zuba naira 100,000. Duk wata 6 ana turo masa 8,235, a shekara 16,470, a shekara 7 ya karɓi 115,290, sannan aka dawo masa da 100,000 ɗinsa. A ido, kuɗi sun ninka har da ɗoriya. Amma a duba abin da 100,000 ɗin take saye. A 2017 litar fetur naira 145 ce, kenan kuɗin suna sayen kimanin lita 690. A Satumban 2024, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke darajarta a watan da ya biyo baya, lita ta kusa naira 900, kenan lita 110 da 'yan kai. A 2017 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wannan kuɗi sun fi albashin wata 5. A 2024 an mayar da shi 70,000, kuɗin ba su kai na wata ɗaya da rabi ba. Lokacin da aka fitar da Sukuk ɗin, hauhawar farashi tana kusa da kashi 16 cikin 100, wato kai da kai da hayar. A Disamban 2024 ta kai kashi 34.8. Hayar tana nan a inda aka yanke ta, farashin kaya ya wuce ya bar ta.

Abin da yawancin masu saye suke yi shi ne su cinye hayar. Saƙon banki ya shigo, naira 8,000 da 'yan kai, a sayi kati, a yi cefane, a ba yara kuɗin makaranta, shi ke nan. Wanda ya yi haka, a gaskiya uwar kuɗinsa yake ci a hankali, domin hayar ce take cike ramin da tsadar kaya take haƙawa. Da a ce duk hayar da ta shigo an sake zuba ta a wani abu mai kawo irin wannan kaso, 100,000 ɗin da ta haura 300,000 a ƙarshen shekara 7, maimakon 215,290. Wannan lissafin takarda ne, domin a 2020 da 2021 babu inda ake samun kashi 16 cikin aminci, kuma ko 300,000 ɗin ba ta kamo farashin fetur ba. Duk da haka bambancin ya kusa naira 90,000 a kan jarin 100,000, kuma babu abin da ya samar da shi sai haƙurin barin haya ta haifi haya. A nan Sukuk yake da naƙasa a tsarinsa: ba shi da hanyar mayar da haya cikin jari kai tsaye. Sai ta faɗo asusunka, inda buƙatun gida suke jiran ta.

Yadda ake saye, da inda ake tuntuɓe

Ba kullum ƙofar take buɗe ba. DMO takan sanar da fitarwa a shafinta na intanet da jaridu da rediyo, a buɗe na 'yan kwanaki, mako ɗaya ko ɗan fiye, sannan a rufe. Wanda ya jira sai ya ji sanarwa kafin ya fara haɗa takardu, sau da yawa yakan makara. Abubuwan da ya kamata su kasance a hannu tun kafin lokacin su ne lambar BVN, da asusun banki mai rai, da asusu a wurin dillalin hannun jari mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Dillalin ne zai buɗe maka asusun CSCS, wato rumbun da ake ajiye takardun jari ta kwamfuta, ya ba ka lambar CHN, lambar shaidarka a wannan rumbu. Zai nemi shaidar ɗan ƙasa, da hoto, da takardar da ke nuna adireshi kamar ta kuɗin wuta. Idan an buɗe tayin, sai a cike fom, a biya ta ɗaya daga cikin bankuna ko dillalan da aka jera sunayensu a takardar tayin, a adana rasit.

Matsala ta farko da aka fi gani ita ce saɓanin suna. Mutum yana Muhammad a BVN, Mohammed a CSCS, a fom kuma ya rubuta Mamman, ko ya sa sunan gari a wani wuri ya sa na mahaifi a wani. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai kason ya maƙale ko hayar ta ƙi shiga. A daidaita suna da ranar haihuwa a ko'ina kafin a cike fom.

Ta biyu ita ce asusun da za a riƙa turo hayar. Shekara 7 ko 10 ba kwana kaɗan ba ne. Wani yakan ba da asusun albashi, ya bar aikin, asusun ya mutu, hayar ta riƙa komawa. Wani kuma yakan ba da ƙaramin asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa da lambar waya, alhali ƙa'idarsa ba ta yarda ya riƙe fiye da naira 300,000 ba. Hayar za ta riƙa shiga lafiya, ranar da za a dawo da uwar kuɗi rabin miliyan sai ta ƙi shiga. A ɗaga matakin asusun tun da wuri, idan kuma an sauya banki a sanar da dillali da magatakardan da ke riƙe da rajistar masu Sukuk a rubuce.

Ta uku, barin gurbin CSCS babu komai a fom. Za a iya karɓar kuɗin, amma ranar da mutum ya so sayarwa sai ya tarar dillali ba ya ganin kason a asusunsa, a shiga zirga-zirgar takardu. Bayan an gama rabo, a nemi dillali ya turo bayanin asusun CSCS a ga Sukuk ɗin da adadinsa ƙuru-ƙuru. Idan buƙata ta fi abin da gwamnati take nema, kamar yadda aka gani a 2025, ana iya ba mutum ƙasa da abin da ya nema a mayar masa da ragowar, to a bibiyi wannan ragowar ma.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya ce a tura kuɗin Sukuk asusunsa na kansa, ko ya ce yana da wani Sukuk mai ba da kashi 10 a kowane wata, ƙarya yake. Wanda ya ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, da yadda CBEX ta yi a Afrilun 2025, bai kamata a sake yi masa wannan bayanin ba.

Batun fita kafin wa'adi shi ne inda talla ta fi gaskiya daɗi. Gaskiya ne an jera Sukuk a kasuwar hannun jari ta NGX da ta FMDQ, kuma ana iya sayarwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne farashin. Alkawarin naira 1,000 a kowane kaso na ranar cikar wa'adi ne kaɗai. Kafin nan, kasuwa ce mai yanke farashi, kuma farashin yana sauka duk lokacin da kuɗin ruwa ya hau. Ɗauki na 2020 mai kashi 11.2. A ƙarshen wannan shekarar ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki yana kan kashi 11.5, zuwa Nuwamban 2024 ya kai 27.5. Babu mai hankalin da zai biya 1,000 don takarda mai ba da 112 a shekara alhali akwai sababbi masu ba da kusan ninkin haka. Idan saura shekara 3 wa'adi ya cika, mai saye kuma yana son kashi 19, lissafi zai kawo farashin wajen naira 830. Wanda ya zuba miliyan ɗaya, buƙata ta taso masa, zai fita da asarar kusan 170,000 kafin a cire ladan dillali. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya riƙe mai kashi 19.75, idan kuɗin ruwa ya sauka sosai, takardarsa za ta wuce 1,000. Sannan manyan masu riƙe da Sukuk, kamfanonin fansho da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, saya suke su ajiye, domin ba su da zaɓi mai yawa. Kasuwar ba ta da kai-kawo, mai ɗan Sukuk na naira 50,000 yana iya yin kwanaki bai sami mai taya ba.

Shi ya sa kuɗin jinya, da kuɗin hayar gida, da jarin da ake juyawa a kasuwa ba su da wuri a nan. Sai an fara ware abin da zai riƙe gida na wata 3 zuwa 6 a inda hannu zai kai cikin kwana ɗaya, sannan a yi maganar Sukuk.

Babbar matsalarsa ga mai son tara dukiya da kaɗan-kaɗan ita ce rashin tabbataccen lokaci. Albashi duk wata yake zuwa, Sukuk kuwa sau ɗaya a shekara idan an yi sa'a. A 2019 ba a fitar ba, a 2024 ma haka. Takardar ajiya ta gwamnati, FGN Savings Bond, wadda aka fara a Maris 2017, ta fi shi a wannan fanni nesa ba kusa ba: duk wata ake buɗe ta, daga naira 5,000, wa'adin shekara 2 ko 3, ana biya duk wata 3. Amma ita bashi ce mai ruwa a fili, kuma mafi yawan masu neman Sukuk abin da suke gudu ke nan. Ya kamata a ce DMO ta fitar da irinta ta ijara tuntuni.

Kafin a samu haka, mafita ita ce a yi wa kuɗin masauki. A buɗe asusun mudaraba a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, ko a shiga asusun haɗaka na halal mai rajista da SEC, irin wanda kamfanin Lotus Capital da wasunsa suke gudanarwa, waɗanda su ma a Sukuk da ijara da murabaha, wato saye da sayarwa da sananniyar riba, suke zuba kuɗin. A ba banki umarnin cire wani adadi ranar da albashi ya shiga, ba ƙarshen wata ba. Tsarin kamar adashe ne, zubi ba ya jiran ka ga ko akwai rara. A can kuma za a riƙa tura duk hayar da ta faɗo, a ranar da ta faɗo. Idan DMO ta buɗe sabon tayi sai a kwashe a saya. A duba kuɗin kulawa da asusun haɗakar yake cirewa duk shekara, da tarar fita da wuri, domin wasu suna da mafi ƙarancin kwanakin da dole kuɗi su zauna.

Ga misali na takarda. Mai ware naira 20,000 a wata yana tara 240,000 a shekara. A shekara 10 ya zuba miliyan 2.4. Idan aka ƙaddara kashi 15 a shekara kuma ba a taɓa hayar ba, zai kai wajen miliyan 4.9. Amma 20,000 ta yau ba za ta zama 20,000 ba nan da shekara 5, saboda haka gara a yanke kaso daga abin da ake samu, kashi 10 cikin 100 alal misali, zubin ya riƙa tashi tare da albashi. Sayen kowace fitarwa yana da wata fa'idar: wa'adodin ba za su cika lokaci ɗaya ba, kuma ba a kulle dukkan kuɗi a kan haya mai rauni irin ta 2020 ba.

Kalmar "babu haɗari" da masu talla suke yawan faɗa tana buƙatar gyara. Gwamnatin Najeriya ta biya hayar Sukuk da uwar kuɗin na 2017, kuma bashin naira ne, kuɗin da ita take bugawa. Amma Ghana ma da kuɗinta ta ci bashin cikin gida, kuma a Disamban 2022 ta ɓullo da shirin sauya takardun bashinta da wasu masu dogon wa'adi da ƙaramin kaso, abin da ya kai tsofaffin 'yan fansho zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra a farkon 2023. Ba cewa muke hakan na tafe a nan ba. Dalili ne dai na kada a tara komai a hannun mai bashi ɗaya.

Wanda yake da shekara 15 ko 20 a gabansa yana buƙatar wani abu da darajarsa take tashi tare da farashin kaya, kuma Sukuk ba ya yin wannan aiki. Hannun jarin kamfanoni yana yi, tare da nasa tashin hankalin: ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya faɗi da kusan kashi 18 a 2018 da kusan 15 a 2019, ya tashi da kusan kashi 46 a 2023 da kusan 38 a 2024. Waɗanda suka ƙone a hannun jarin bankuna a 2008 har yau ba sa son jin zancen, kuma ba a ga laifinsu ba, sai dai yawancinsu kamfani ɗaya ko biyu suka danƙa wa komai, wasu ma da kuɗin bashi. Akwai Lotus Halal Equity ETF, asusun haɗaka na hannun jarin kamfanoni da dama, wanda aka jera a kasuwa a 2014, yana bin ma'aunin kamfanonin da aka tace bisa Shari'a, ana kuma sayensa da asusun CSCS ɗin nan da aka buɗe don Sukuk. Gwal da fili ma suna riƙe daraja, ko da yake ba sa kawo haya kuma kowannensu da irin ɓarayinsa. A ganinmu Sukuk ya fi dacewa da wanda ya kusa ritaya, da mai riƙe da dukiyar marayu, da mai tanadin wata buƙata mai sanannen lokaci kamar karatun yaro a jami'a. Matashi mai albashi ya sa shi ya zama wani sashe na ajiyarsa, ba dukkanta ba. Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho kuma ya sani akwai Asusu na 6, marar ruwa, da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince da shi, kuma Sukuk na cikin manyan abubuwan da yake saye, kenan mai wannan asusu ya riga ya mallaki wani kaso ko bai sani ba.

Saura zakka da gado. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinare, abin fitarwa kashi 2.5 cikin 100. Malamai sun saɓa a kan Sukuk na ijara da aka saya don a riƙe: wasu suna ganin zakka a kan hayar da ta taru take, kamar gidan haya, wasu suna ganin a kan dukkan darajarsa. Wanda ya saya don ya sayar idan farashi ya tashi kuwa, hukuncin kayan kasuwanci ya hau kansa. A tsayar da matsaya ɗaya da malami tun farko, a sa ta cikin lissafi, domin tana rage abin da ake sa ran tarawa.

Sunan magaji da ake rubutawa a fom ba ya mayar da mutum mai gado, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Idan mai Sukuk ya rasu, dillali da magatakarda za su nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta ikon kula da dukiyar mamaci kafin su saki komai, sannan a raba yadda Shari'a ta tsara. Tunda babu wata takardar shaida ta hannu da iyali za su tsinta a akwati, a rubuta sunan dillali, da lambar CHN, da shekarar kowace fitarwa da adadinta, da asusun da hayar take shiga, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a wurin wani amintacce, a kuma sabunta rubutun duk lokacin da aka sayi sabo.